Marigayin Da Ya Zo Taron Hutu

Shafi na 17

Masu bibiyar labarin nan, na ga saƙonninku, har da na wadda ta ce in na sake barin Direba a hanya za ta daina gaishe ni. To ki kwantar da hankalinki, yau dai ya iso. Amma ban ce ya iso a sa'a ba.

*

Ƙarfe goma saura ya ajiye tirela a gareji, ko ruwa bai tsaya sha ba. Ya wanke fuska a famfon bayan ofis, ya zaro farar rigar da ta yi wata uku a ninke ƙarƙashin katifar mota, ya saka ta da duk layukan ninkinta. Abokan aikinsa Ina-Hanya suke ce masa, domin ko yana kwance a ɗaki ka kira shi, abin da zai fara gaya maka ke nan. Yau wayar kowa bai ɗaga ba.

Zango bakwai ke nan yana yi wa 'yarsa alkawarin zuwa taron ranar hutu. Kowane zango sai kaya su fito a daidai ranar, ko mota ta lalace, ko kuma, in za mu faɗi gaskiya, nauyin haɗa ido da ita ya hana shi. Tun da suka rabu da uwarta, ita ta yi aure a wani gari mai nisa, yarinyar take hannun kakarta, tsohuwar da ciwon ƙafa ya zaunar a ɗaki. Shi kuwa ɗakinsa na haya babu kowa a ciki sai katifa da rediyo da hoton yarinyar tana shekara biyar. Yanzu tara take. Uwata yake ce mata, don sunan mahaifiyarsa ta ci.

Bai gaya wa kowa zai zo ba. So yake ta ɗago kai kawai ta gan shi.

A bakin ƙofar makarantar mai gadi yana miƙa wa duk wanda ya shigo takardar labaran ƙarshen zango. Ya karɓi tasa ya wuce. An kafa rumfuna a fili, an jera kujeru bibbiyu, ƙarama da babba, ɗalibi da wanda ya zo masa. A bayan kowace babbar kujera an manna sunan yaro. Ya bi layin aji huɗu tun daga farko har ƙarshe yana duba sunaye, yana ba mutane haƙuri suna janye ƙafa. Ya sake dawowa. Bai ga sunanta ba.

Ya koma can baya ya jingina da katanga. Kowa da nasa, wannan tana gyara wa ɗanta wuyan riga, wancan yana ɓare wa 'yarsa alewa. Shi kaɗai ne a tsaye ba wanda ya san shi, sai ya buɗe takardar don dai hannunsa ya samu abin yi.

'Yan aji shida sun shuka bishiyoyi goma sha biyu, akuya ta cinye uku. Ƙungiyar ƙwallo ta kai wasan ƙarshe an doke ta da ci ɗaya. 'Yan aji biyu sun ziyarci 'yan kwana-kwana. Ana roƙon iyaye su zo su duba kayan da aka tsinta: rigunan sanyi tara, gorar ruwa shida, da takalmi ƙafa ɗaya wanda har yau ba a san yadda mai shi ya koma gida ba. Direba ya yi ɗan murmushi, ya juya bayan takardar.

Marayunmu, abin alfaharinmu.

Hotuna uku ne a jere. Ta tsakiyar ta ƙara tsawo, kumatun sun zube, amma idanun na mahaifiyarsa ne sak. A ƙarƙashin hoton an rubuta sunanta, sannan 'yar marigayi, sannan cikakken sunansa, ba a kuskure ko harafi ɗaya ba. Ta ɗaya a aji huɗu.

Sau uku ya karanta. Daga baya kuma sai zuciya ta taso masa, ya nannaɗe takardar a hannu ya nufi ajujuwa.

Aji huɗu a buɗe yake, babu ɗalibi ko ɗaya. Malamar tana tsaye a gaban tebur tana ɗaure katunan sakamako da roba, alli ya ɓata mata hannun riga.

"Salamu alaikum. Ke ce malamar ajin nan?"

"Wa alaikumus salam. Ni ce. Kati sai an tashi daga taro, Malam."

"Ba kati na zo karɓa ba."

Ya shimfiɗa takardar a kan tebur, ya ɗora yatsa a kan hoton.

"Wa ya rubuta wannan?"

"Ni na ba da sunan. An yi kuskure a rubutun ne?"

"Sunan daidai yake. Mutuwar ce ban samu labarinta ba."

Ta dube shi da tausayi, ta ajiye robar.

"Allah sarki. Ba a gaya muku ba? Kai ɗan'uwan marigayin ne?"

"Ni ne marigayin."

Malama ta dubi hoton, ta dubi fuskarsa, ta sake duban hoton. Sai ta lalubi kujera ta zauna.

"Kai ne direban?"

"Ni ne. Ga ni da raina, daga hanya nake."

"Innalillahi."

"Ba sai kin ɓoye min ba, Malama. Na san aikin kakarta ne. Tun farko matar nan ba ta ƙaunata. Ko uwarta ce ta bugo ta ce ku binne ni?"

"Ban taɓa ganin kakarta ba. Uwarta kuma ko muryarta ban sani ba."

"To wa?"

Ta tashi ta tura ƙofar ajin, ta dawo ta tsaya.

"Zauna, Malam."

"A tsaye zan ji."

"Ita ce ta faɗa."

"Ita wa?"

"'Yarka."

Ya yi wata 'yar dariya wadda ba ta da alaƙa da daɗi.

"Uwata ba ta ƙarya."

"Nima haka na sani. Shi ya sa na yarda."

Wannan karon ba a ce ya zauna ba, shi ya zauna da kansa, a kan bencin yara, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa.

"Ka ga yadda muke jera kujeru a waje?" in ji Malama.

"Na gani. Na nemi tawa ban samu ba."

"Da akwai taka. Kowane zango ana ajiye ta. Ita da kanta take rubuta sunan ta manna, ba ta yarda wani ya rubuta mata. Ta zo da ƙyalle daga gida ta goge kujerar. Duk wanda ya zo zai ɗauka sai ta riƙe, ta ce babanta yana hanya."

Ya sake duban hoton da ke kan tebur. Malama ta ci gaba.

"Tun ana fara taro take kallon ƙofa har a tashi. Yara kuma ka san su, ba su iya shiru ba. Su tara jakunkunansu a kan kujerar, su ce tun da babanki bai zo ba bari jaka ta zauna. Wani ya zo ya durƙusa ya gaishe da kujerar, ya ce sannu da zuwa Baba, ya hanya. Sauran su yi ta dariya. Na yi horo har na gaji."

"Ba ta taɓa gaya min ba."

"Sau nawa kuke waya?"

Ya sunkuyar da kai. Wayar maƙwabciyar kakarta yake kira, wani lokaci sau ɗaya a wata, kuma mafi yawa shi ke magana, ita tana cewa to.

"Ƙarshen zangon da ya wuce," Malama ta ci gaba, "bayan kowa ya watse, ta tsaya tana taya ni tattara kujeru. Sai ta ce, Malama, me ya sa su wance ba a ajiye musu kujerar baba? Na ce saboda iyayensu sun rasu, su a gefena suke zama, ni ce mai zuwar musu. Ta ce, kuma ba wanda yake musu dariya? Na ce wa zai yi wa maraya dariya. Ta ce to. Ta ɗauki taka ta kai sito da kanta."

"Sai kuma me?"

"Ranar da aka dawo hutu ta same ni a nan, inda kake zaune. Ta ce, Malama, babana ya rasu. Na ce yaushe? Ta ce a cikin hutu, hatsari ya yi a hanya. Ko hawaye ba ta yi ba. Ni ce na yi ta kuka, ita tana ba ni haƙuri."

"Kuma ba ki bincika ba? Makaranta guda, ba wanda ya ɗaga waya ya tambaya?"

"Lamba ɗaya ce a fom ɗinta, taka. Wa zai kira lambar mamaci?"



"Laifina ne, ban musa ba," in ji ta. "Na ce zan je gidan in yi gaisuwa. Yau, gobe, yara arba'in da shida, ga jarrabawa, har zango ya ƙare ban je ba. Na ba ta saƙon ta'aziyya ta kai wa kakarta, ta dawo ta ce an gode."

Daga waje aka jiyo lasifika tana ƙara, wani yana hura makirfo yana cewa a zauna za a fara. Direba ya miƙe tsaye, bencin ya yi ƙara.

"Ina ofishin shugabar makaranta?"

"Tana kan dandamali."

"To can zan same ta. Yanzu za a gyara wannan abu, a gaban kowa, kamar yadda aka raba shi a gaban kowa."

Malama ta rigaye shi zuwa bakin ƙofa. Ba ta da tsawo, amma ta tare hanyar.

"Je ka, ba zan riƙe ka ba. Amma ka ji abin da zai biyo baya. Akwai yara ɗari huɗu a filin nan, da iyayensu. Nan da ɗan lokaci za a kira ta ta karɓi kyauta. In ka fita ka ce kai ne ubanta, daga yau ba ta da wani suna a makarantar nan sai wadda ta kashe babanta da baki. Har ta gama aji shida shi za su riƙa kiranta. Kai gobe ka hau mota ka tafi. Ita a nan za ta zauna."

"To in tsaya ina ji ana kirana marigayi?"

"Zango bakwai ta yi tana kallon kujera, Malam. Kai minti ashirin ne."

Maganar ta shige shi. Ya juya ya kalli ajin, benci bayan benci, bai ma san wanne ne nata ba.

"A ina take zama?"

"Can, kusa da taga."

Ya je ya tsaya a wurin. Babu komai sai guntun fensir da ɗan zanen fure a jikin katako. Ya shafa wurin da tafin hannunsa.

"Da can ta nawa take zuwa a jarrabawa?"

"Ta goma sha biyar, ta goma sha takwas."

"Yanzu ta ɗaya."

Malama ta koma tana gyara katunan da ke kan tebur.

"Faɗi mana. Tun da na mutu ta samu sukuni."

"Ban ce haka ba."

"Takardar ta faɗa."

"Ta daina jira ne kawai. Jiran ne yake cinye ta. Yanzu tana wasa da yara, tana dariya, tana ɗaga hannu a aji." Muryar Malama ta yi ƙasa. "Amma kullum aka tashi sai ta tsaya a bakin titi in babbar mota za ta wuce, har sai ta ga fuskar direban. Na ɗauka kewar mamaci ce."

Direba ya juya mata baya, ya goge fuska da hannun farar rigar. Shekararsa ashirin yana tuƙi shi kaɗai, ya kwana a daji, ya kwana a bakin iyaka, bai taɓa jin kaɗaici irin na wannan ajin ba.

"Me kike so in yi?"

"Ka koma baya ka tsaya inda ba za ta gan ka ba. In an watse zan kawo maka ita nan, mu uku, ba mai ji. A cikin hutu zan samu shugaba in ce kuskurena ne, ni na rubuta ba daidai ba. In sun dawo yara sun manta."

"Za ki ɗauki laifin?"

"Ai da ma rabinsa nawa ne."

Ya ninke takardar ya sa a aljihu.

"To. Zan tsaya a baya."

*

Ya koma jikin katangarsa. 'Yan aji ɗaya suka fito suka yi waƙa, rabinsu suna kallon iyayensu sun manta baitin. 'Yan aji biyar suka yi wasan kwaikwayo a kan wanke hannu, gemun likitan ya faɗi, fili ya ɗauki dariya. Direba bai ga ko ɗaya ba. Idonsa yana can gaba, gefen dandamali, inda yara uku suke zaune a kan benci ɗaya kusa da Malama. Ƙeyarta kawai yake gani. Sau ɗaya ma ba ta waiwayo ta kalli ƙofa ba.

Sai shugabar makaranta ta karɓi makirfo, mace mai jiki da murya, wadda in ta fara magana ba ta son a katse ta.

"Yanzu mun zo wurin da na fi so. Marayunmu uku da suka yi zarra. Ku da kuka saba zuwa kun san tsarina, ba na ba manyan baƙi su miƙa musu kyauta. Daga cikinku iyaye nake zaɓa, don yaran nan su san duk wanda ke filin nan nasu ne."

Aka yi tafi. Direba ya ga Malama ta ɗago kai da sauri, ta waiwayo tana neman sa da ido. Ta manta da wannan.

Shugaba ta nuna wata mata mai goyo. Matar ta fito tana jin kunya, ta miƙa wa yaro na farko littattafansa.

"Gaya mana, ke mahaifiyar waye a makarantar nan?"

Matar ta faɗi sunan ɗanta da ajinsa. Yaron ya miƙe a wurinsa yana washe baki, aka tafa musu.

Na biyu wani dattijo ne mai sanda. Shi ma aka tambaye shi, ya ce jikarsa ce a aji uku, ita ma ta miƙe aka tafa.

Direba ya fara jan jiki yana bin katanga zuwa ƙofa.

"Sai ta ƙarshe, kuma ita ce ta ɗaya a aji huɗu. Yarinyar nan ta rasa mahaifinta a hutun da ya wuce, amma ba ta bari hakan ya karya ta ba."

Aka kira sunanta, aka haɗa da nasa, da marigayin da komai. Ta tashi ta hau dandamali, ta tsaya ta haɗa hannuwa a gaba, kanta a ƙasa.

Shugaba ta kare ido da hannu tana duba jama'a.

"Bawan Allah. Kai mai farar riga, can baya. Tun ɗazu nake ganinka a tsaye, ko kujera ba mu ba ka ba. Zo mu wanke laifinmu."

Ya ɗaga hannu alamar a'a. Malama ta miƙe tana cewa, "Shugaba, a samu wani, sauri yake," amma tafi ya danne muryarta. Wani mutum da ke kusa ya kama hannunsa yana dariya.

"Haba Malam, aikin lada ne. Je ka mana."

Mutane suka buɗa masa hanya. Babu inda zai bi sai gaba.

Bai san yadda ya kai ba. Ya dai ji an ɗora masa littattafai uku ɗaure da jan zare a hannu, ya ji katakon dandamali a ƙarƙashin ƙafarsa. Ya tsaya a gabanta. Takalmansa ta fara gani, sannan ta ɗago a hankali.

Ya sha tsara wannan lokacin a ransa yana tuƙi, yadda za ta yi tsalle ta rungume shi. Ba ta yi tsalle ba. Idanunta suka buɗe, ta dubi filin da ke cike da yara, ta dawo da ido kansa.

"Uwata," ya ce, a can ƙasan maƙoshi.

Ta miƙo hannu biyu kamar za ta karɓi littattafan, sai ta riƙe yatsunsa a ƙarƙashinsu, ta matse da ƙarfi. Hannunta sanyi ƙalau. Ta yi magana ba tare da ta motsa baki sosai ba, shi kaɗai ya ji.

"Baba, don Allah kar ka faɗa."

Shugaba ta matso tana murmushi, ta kawo makirfo daidai bakinsa. Fili ya yi tsit.

"To bawan Allah, mun gode. Gaya mana, kai mahaifin waye a makarantar nan?"